Filin Tambaya da Amsa: Ɗana ba ya cin komai sai shayi da burodi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata 16, ban yaye shi ba, amma ban da nono babu abin da yake karɓa sai shayi da burodi. In na kai masa tuwo ko wake baki sai ya kau da kai ya tofar. Har yanzu bin bango yake, bai saki ba. Surukata ta ce in riƙa yi masa ɗura. Ƙin cin ne ya hana shi tafiya? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yaro. Ki fara ɗauko katin awonsa. A shekarar farko jariri kan ninka nauyin haihuwarsa sau uku, amma a ta biyu kilo 2 zuwa 3 kacal yake ƙarawa, shi ya sa cinsa ke raguwa. In layin katin yana hawa, da sauƙi. In ya tsaya cak wata biyu ko ya sauka, ki kai shi asibiti a auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku. Ƙasa da santimita 12.5 tamowa ta fara, ƙasa da 11.5 kuwa ta yi tsanani.

Mu abin da ya fi damunmu shayin nan ne. Tumbin yaro bai wuce dunƙulen hannunsa da yawa ba, kofi ɗaya mai sukari ya cika shi, ina tuwo zai shiga? Ga shi ganyen shayi yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe (ayon) da ke ƙera jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa yakan yi sanyin jiki, ya gaji da wuri, ya fi son a goye shi, ƙafa kuwa da yawan tashi da faɗuwa take ƙwari. Ki janyo fatar idonsa ta ƙasa, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari fat, a gwada jininsa.

Ki ajiye shayi gaba ɗaya. Abinci sau 3 zuwa 4 a yini, kowanne kusan cikin kofi mai mililita 250, da ɗan abin taɓawa sau biyu kamar ayaba ko gwanda, nono ya biyo bayan abinci. A dama kunu da kauri har ya tsaya a cokali, a sa gyada ko garin waken suya da ƙaramin cokalin manja. Dafaffen ƙwai, hanta da aka murmushe, kifin da aka cire wa ƙaya, garin zogale a miya. Sabon abinci sai an kawo shi sau 10 har 15 kafin wasu yaran su karɓa, don haka cokali ɗaya a gefen abin da ya saba ya isa. Ki zaunar da shi cikin yayyensa ya ci da hannunsa ko da zai ɓata riga. Bayan minti 20 zuwa 30 a ɗauke kwano ba faɗa.

Ɗura kam, ki ba Hajiya haƙuri. In aka toshe masa hanci yana kuka, kunu kan bi hanyar iska ya sauka huhu ya jawo namoniya. Ruwan maganin buɗe ciki na kemis ma yawanci barci yake sa yaro, kada ki ba shi sai da likita.

Maganar tafiya, wata 16 bai makara ba tunda yana bin bango. Ki rage goyo, ki bar shi a tabarma ba takalmi yana tura kujera. In ya cika wata 18 bai taka shi kaɗai ba, ko ƙafafunsa suna lanƙwashewa, likitan yara ya duba shi.