Ciwon ɓarin kai lokacin al'ada: in sayi ƙwayoyin ganye?

Tambaya: Anti, duk wata ana saura kwana biyu in ga al'ada sai ɓarin kaina na hagu ya fara sara, ko haske ba na son gani, wani lokacin har da amai. Na ga ana tallar ƙwayoyin feverfew da butterbur, wai na ganye ne, ba su da illa. Wanne zan saya? Ina shan ƙwayar tazarar haihuwa.

Amsa: Sannu ƙanwata. Abin da ke tayar da wannan ciwon shi ne saukar sinadarin estirojin a jiki gab da zuwan jini, shi ya sa yake tsayawa tsakanin kwana biyu kafin al'ada zuwa kwana na uku da farawarta.

Butterbur dai ki bar shi inda kika gan shi. Gaskiya ne ya nuna yana rage yawan ciwon, har ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba da shawarar shansa a 2012, amma ta janye a 2015 saboda hanta. Tsiron yana ɗauke da guba mai lalata hanta, sai an tace ta, ke kuwa da kwalba a hannu ba ki da yadda za ki tabbatar an tace. Rubutun "an cire guba" a jikin kwali, mai sayarwa ne ya rubuta.

Feverfew ya fi sauƙin haɗari, sai dai bincike a kansa ya rabu biyu: wasu sun ga ɗan sauƙi, wasu ba su ga komai ba. Yana iya kawo gyambon baki, mai ciki ba ta shansa, kuma wadda ta daɗe a kansa ta daina rana ɗaya, ciwon kan na iya dawo mata. Abin dariya, wanda likitoci suka fi ambata a wannan fannin ba ganye ba ne, sinadarin magnesium ne, da ake farawa a rana ta 15 daga ranar da jinin al'ada ya fara, har wani jinin ya zo. Yakan sa gudawa, mai ciwon ƙoda kuma sai da izinin likita.

Maganar ƙwayar tazarar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Kafin ciwon ya sauka, kina ganin walƙiya ko layuka masu zigzag a idonki, ko hannu ya yi miki sanyi kamar ba naki ba? In haka ne kuma ƙwayarki mai estirojin ce, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa, ki ga likita a makon nan a duba canza ta. Ki kuma guji wani maganin ganye da ake kira St John's wort, yana rage ƙarfin ƙwayar tazara.

Ki samu kalanda ki riƙa sa alama a ranakun ciwo da ranakun jini har wata uku, ki tafi da ita asibiti. In ranakun sun dace, akwai magani irin naproxen da ake sha na 'yan kwanakin nan kawai, ba wata guda cur ba.