Tambayoyinku: Tantance Umarni a Sabar Imel

Tambaya: Malam, ina rubuta manhajar sabar imel ta SMTP (tsarin da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna imel). Yaya zan tantance umarnin da ke shigowa?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da tsawon layi. Ƙa'idar RFC 5321, wato takardar da ta shimfiɗa dokokin SMTP, ta ƙayyade layin umarni a bayit 512 (bayit ɗaya kusan harafi ɗaya ne), har da CRLF, wato alamomi biyu, CR da LF, da ke nuna ƙarshen layi. Wanda ya zarce, mayar masa da lambar kuskure 500, kada ya cika ma'adanar manhajar.

Sai jerin umarni: EHLO (gaisuwa), MAIL FROM (mai aikawa), RCPT TO (mai karɓa), sannan DATA (saƙon kansa). In DATA ta riga RCPT, amsar 503 ce. Adireshi maras tsari kuwa, 501.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen saƙo. Kada ka yarda da komai sai CRLF, ɗigo, CRLF. Sabar da ke amincewa da LF kaɗai, ta nan ake cusa mata saƙon jabu.