Takardar Amincewa da Gwajin Magani: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Wata uwa daga Argungu: Likita, an ce ana son sa ɗana cikin wani bincike na sabon magani. An miƙo mini takarda mai shafuka da yawa da Turanci, ni kuwa ban yi boko ba, aka ce in dangwala yatsa kawai. In dangwala?

Hajiya, kada ki dangwala tukuna. Ƙa'idar binciken lafiya a Najeriya, wadda kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, wato NHREC, ke sa ido a kanta, ta ce sai an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji kafin ya amince. Haƙƙinki ne a karanta miki takardar da Hausa. Idan ba kya karatu, dole a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ya zauna ya ji abin da aka faɗa miki, shi ma ya sa hannu. Ki nemi kwafi ki tafi da shi gida, ku duba da maigida ko wani ɗan uwa mai karatu. Duk wanda ya ce sai yau-yau, ki ce masa za ki yi shawara. Ƙin shiga ba zai hana a duba ɗanki a asibiti ba.

Wani malamin makaranta daga Zuru: Shin waɗannan takardun bayani da ake rabawa suna sa mutane su gane gwajin kuwa, ko dai cika sharaɗi ne?

Malam, suna taimakawa, amma ba yadda masu rubuta su suke zato ba. Amfanin takarda shi ne ba ta mantuwa. Mutumin da ke gaban likita hankalinsa a tashe yake, rabin bayanin a ƙofar asibiti zai bar shi. Takarda kuwa za ta bi shi gida, ya sake dubawa bayan Isha'i.

Sai dai akwai wuraren da ko mai digiri yakan yi tuntuɓe. Na farko, mutane da yawa ba sa gane cewa a irin wannan gwaji ba likita ke zaɓa musu magani ba. Kwamfuta ce ke raba su rukuni-rukuni kamar ƙuri'a. Na biyu, wani rukunin zai iya samun tsohon maganin da aka saba, ko ƙwayar da ba magani a cikinta, don a kwatanta. Wanda ya fi damuna shi ne na uku: majinyaci ya ɗauka an sa shi ne don an tabbatar sabon maganin zai warkar da shi, alhali da an tabbatar, da ba a yi gwajin ba.

Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2004 ya tattara bincike da dama kan hanyoyin ƙara wa mutane fahimta, ya gano cewa zama da mutum ido da ido ana tattaunawa ya fi gyaran takarda ko nuna bidiyo tasiri. Shi ya sa ni bayan an karanta takarda nakan ce wa mutum, "To, yanzu kai ka faɗa mini abin da ka ji." Nan ake gane inda bayani ya zube. A ƙauyukanmu kuma, inda dattawa da yawa suka fi sabawa da ajami, ban ga dalilin da zai hana a rubuta da shi ba.

Wani dattijo daga Jega: Wannan allurar zazzaɓin cizon sauro da aka kawo Kebbi, ba gwaji ake yi da jikokinmu ba kamar yadda aka yi a Kano?

Baba, tsoronka yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin binciken da ya haɗa yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Amma wannan allura, R21, ta wuce matakin gwaji kafin ta iso mu. An gwada ta a kan yara kusan 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. NAFDAC ta amince da ita a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka, sannan aka fara bayar da ita a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Sau huɗu ake yi, ana farawa daga wata biyar. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro, don allurar ba ta karewa ɗari bisa ɗari.

Wani matashi daga Yauri: Na riga na sa hannu, yanzu kuma raina bai kwanta ba. Zan iya fita?

Ƙwarai kuwa, ɗan uwa, kowane lokaci, ba tara ba tuhuma, ba kuma sai ka faɗi dalili ba. Amma kada ka ɓace kawai. Ka gaya musu, domin wasu magungunan a hankali ake janye su, kuma suna iya son auna jininka kafin ku rabu. Lambar wayar mai binciken da ta kwamitin da ya amince da aikin ya kamata su kasance a jikin takardarka, yawanci a shafin ƙarshe.