Kana tambayata ta ina za ka fara raba ɗakunan bene

Kai yaro na ga saƙonka tun jiya, wai an baka hili rabin fuloti, 50 da 50 a cikin gari, mai shi na son bene hawa ɗaya, kana tambaya ta falo za ka fara ko ta ɗakunan kwana. Ba ko ɗaya daga ciki. Ta matakala ake farawa. Ku yaran yanzu kun saba kallon hotunan gidajen Dubai a waya, kowa falo ne a kanshi, sai an gama raba ɗakuna sannan a tuna ai mutum ba tashi sama zai yi ba, sai a matse matakala a lungu kamar tsani.

Yi lissahin da kanka. Daga daɓen ƙasa zuwa saman dakin, wato rufin kankaren da ke zama daɓen sama, in ka ba shi ƙafa 10 da rabi, inci 126 kenan, ka raba da inci 7 na tsayin taki, taki 18 ya hito. Wurin aje ƙafa inci 11, faɗi ƙafa 4, ka karya ta biyu da landin, wato wurin tsayawa a juya, a tsakiya. Wurin da za ta ci ya kai 8 da 12, kusan ɗaki guda, kuma sama da ƙasa duka za ta ci shi. Kar wani ya ce ma ƙafa 3 ta isa, ranar jeren amarya da wadrop da gado za su hau za ka ji zagi, balle ranar da za a sauko da mara lahiya ko gawa, Allah shi sa mu cika da imani.

Abin da ya sa ma na zauna nake ba ka amsa, tambayarka ta tono min wani Alhaji da na yi ma aiki wajen Mabera, har yau in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci. Irin hilinka ne sak. Muka zauna da shi muka tsara komai, matakala da bayi da sito na jera su bangon yamma don su sha ranar la'asar, kai ka san zahin Sakkwato a watan Afrilu, ɗakin da ke bangon yamma har tsakar dare bangon na huci. Bayin sama bisa bayin ƙasa, kicin kusa da su, fayif duk ya sauka waje ɗaya ya tahi sokawe. Na ce mishi Alhaji a nuna ma Hajiya takardar nan, ita za ta zauna gidan. Ya ce shi ke da kuɗi shi ke da gida. To shikenan. Muka yi fandesho, muka tada fila, muka ɗaura bim, wato kankaren da ke kwance bisa fila yana ɗauke da nauyin sama, aka zuba dakin da simintin Kalambaina, ni da kaina nake tsaye ana ba shi ruwa safe da yamma, ban bari an cire katako ba sai da ya cika kwana 21. Sai ga Hajiya ta zo ganin gida da ƙawayenta. Ta hau sama ta ce ita ɗakinta ta gabas take so kuma da bayi a ciki, kuma falon ƙasa ya yi ƙanƙanta a cire filar da ke tsakiya. Filar da ke ɗauke da bim! Na ce Alhaji wannan ba ta ciruwa, bayin kuma in aka kai shi can bisa falon baƙinka zai zauna, sai an fasa dakin an bi da fayif, wata rana kana zaune da mutane ruwa na ɗigo muku. Ya ce ai ni ma'aikaci ne in yi abin da aka sa ni. Fila dai na ce ko zai kira hukuma ban taɓa ta, bayin ne ya matsa, ya ce a yi zai biya na daban, ko buhu nawa ya ci a rubuta. Na amshi siminti da rodi bashi da sunana wurin dilan da muke mutunci da shi, na biya lebura daga aljihuna. Da aka gama na kai mishi lissahi, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai san da wani ƙarin aiki ba, tun farko haka ya ce a yi, ni ne ban iya karanta zane ba. Wallahi har gaban mai unguwa muka je, aka ce ina shaida, babu, magana ce ta baki tsakanina da shi a cikin motarshi. Mashin ɗina na saida na biya dila. Bayan damina biyu silin falon ya yi taswira, ya aiko wai in zo in duba, na ce a gaishe shi.

Don haka kafin ka sa diga a ƙasa, zanen sama da na ƙasa su kasance a takarda, mai gida ya sa hannu, uwargida ta gani da idonta, kuma duk canjin da aka kawo daga baya a rubuta kuɗinshi, ko ta WhatsApp ne ya turo ma da muryarshi ka aje.

Zanen kuma ka fara da na sama, don shi ne mai takura. Ka ɗora takardar sama bisa ta ƙasa ka ɗaga ta ga haske, duk bangon sama ya zamana akwai bango ko bim ƙarƙashinshi, bulo inci 9 ba a aza shi tsakiyar dakin haka kawai. Girman rodi da yawan fila aikin injiniya ne, ka kai mishi, ni da na tsufa cikin aikin nan ina kaiwa balle kai, kuma a nemo amincewar hukumar tsara birni kafin a zo a yi ma jan fenti a bango.

Sauran ai ka sani, ba zan tsaya koya ma jan igiya da sukwaya ba. Baƙo namiji ya shiga falonshi da bayinshi ba tare da ya ratsa cikin gida ba, matakala ta tashi daga ɓangaren iyali. Masai kar ya kalli gabas ko ya ba ta baya. Kar ka cinye hilin duka, bar 'yar tsakar gida ta shanya da girkin itace da shan iska in an ɗauke wuta, kowane ɗaki taga biyu bango daban daban. Tagar sama da ke kallon gidan maƙwabci kuwa ka ɗaga ta sama da kan mutum, in ba haka ba matan mutane na tsakar gidansu ana leƙensu, rigimar kai za ta fara samu kafin mai gida.

Gobe bayan asuba ka same ni sait da tef da takardar hilin, kuma ka bar wayar nan a aljihu.