Baba ya daina cin abinci, ko masanin abinci zai taimaka?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri. Kin ce cutar daji ta yi nisa, an sallame shi gida, kuma ko tuwo cokali biyu ba ya iya ci.

Masanin abinci zai taimaka ƙwarai. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano, suna da sashen masana abinci. Ki je da takardunsa da jerin magungunansa, ki faɗa musu ko yana da ciwon sukari ko na ƙoda, domin wannan kan canza duk shawarar.

A wannan mataki cutar da kanta ke kashe sha'awar abinci, don haka kada ku matsa masa. Ɗura na iya sa ya shaƙe, abinci ya gangara huhu ya jawo ciwon huhu. Ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 ko 3: kunun gyaɗa mai kauri da madara, fura da nono da aka dama sosai, ƙwai, ayaba da aka murƙushe. Ku zaunar da shi a jingine, ya kai minti 30 bayan ci kafin ya kwanta. Idan ruwa yana sa shi tari, abu mai ɗan kauri ya fi masa sauƙin haɗiya.

Idan yana shan mofin, wato maganin rage zafin ciwo mai tsanani, cikinsa zai riƙa ɗaurewa. Ku nemi likita ya rubuta maganin sassauta ciki. Leɓɓansa kuma ku riƙa jiƙa su da tsumma mai tsabta, ku shafa ɗan man kaɗanya.