Raguwar DNA kaɗai ba ta nuna aiki ya yi kyau

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi amincewa da koniyar akuyar (tantanin gaban ido) da ka wanke don fitar da ƙwayoyin halittarta, alhali DNA ɗinta, wato sinadarin gadon da ke cikin ƙwayoyin, ya sauka ƙasa da nanogiram 50 a kowane miligiram na busasshen nama. Wannan iyaka gaskiya ce, tun 2011 masana ke aiki da ita, amma ƙwayoyin halittar da suka fita kaɗai take nuna maka, ba ta faɗin abin da ya bi su ya fita.

Koniya, tantanin nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, kaurinta a mutum kusan rabin milimita ne, kuma kashi 90 cikin 100 na wannan kauri zaruruwan kolajin ne, furotin mai ba nama ƙarfi, da aka jera daki-daki. Sinadaran GAG, wasu dogayen sarƙoƙin sukari da ke tsakaninsu, su ne ke riƙe ruwa da tazarar da ke barin haske ya ratsa. Sabulun SDS da ka yi amfani da shi yana fasa ƙwayoyin sarai, sai dai idan ya yi ƙarfi ko ya daɗe yana kwashe GAG, naman ya kumbura ya yi fari. Majemin da ya cire gashi ya cinye fata bai yi jima ba. A ganina ruwan gishiri mai ƙarfin mola 1.5 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a ruwa), a biyo shi da DNase, sinadarin da ke narkar da DNA, ya fi sauƙin hali ga wannan nama.

Saboda haka idan ka karɓo idanu daga mahautan Wudil, ka sa su a ƙanƙara nan take, kuma ka ajiye wasu ba tare da wanki ba domin kwatanci. Ka busar da kowane yanki sosai kafin ka auna nauyinsa, domin nauyin jiƙaƙƙen nama mai kumburi yaudara ne. Sannan ka narkar da shi da fafen, sinadarin da ake samu daga ƙaron gwanda, a zafin digiri 60, ka raba ruwan gida uku: rinin PicoGreen don DNA, rinin DMMB don GAG, na ukun kuma a dafa shi da asid don auna haidroksifrolin, wanda shi ne kusan kashi 13 cikin 100 na kolajin.

Kada ka yi murna idan ka ga kolajin ya haura na wanda ba a wanke ba, domin sauran abubuwa ne suka tafi, kasonsa a miligiram ya tashi. Lambar GAG nake so ka kawo mini gobe, tare da ta yankin kwatancin.