Amsa ga ɗana kan karayar Goggo da tsoron allurar barci

Ɗana, bayan gaisuwa, na karanta saƙonka inda kake tambaya ko akwai gaskiya a abin da manyan gidanmu suka saba faɗa, cewa ba a kai tsoho tiyata domin allurar barci tana tafiya da hankalinsa, da kuma ko ya dace mu bi wannan al'ada mu miƙa goggonku ga mai ɗori, tunda ƙashin kwatangwalonta ne ya karye.

Maganar manya tana da tushe, domin su ma likitoci sun daɗe da lura da abin. Tun a 1955 wani likita a Ingila mai suna Bedford ya yi rubutu kan tsofaffin da suka fito daga tiyata hankalinsu bai koma yadda yake ba. A 1998 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Turai da Amurka kan mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama, aka ga cewa mako ɗaya bayan babban aiki kusan kashi 26 cikin ɗari suna da rauni wajen tuna abu da tattara hankali, amma bayan wata uku adadin ya sauko zuwa kusan kashi 10. Ka ga ke nan mafi yawansu suna dawowa daidai.

Inda na saɓa da manyanmu shi ne ɗora laifin gaba ɗaya a kan allurar. A 2021 an kwatanta mutum 1,600 masu irin wannan karaya a asibitocin Amurka da Kanada, rabi aka sa su barci gaba ɗaya, rabi aka yi musu allurar baya mai kashe ƙasan jiki, sai aka tarar ruɗewar da ke biyo bayan aikin ta kama kusan mutum ɗaya cikin biyar a kowane ɓangare. Abin da ya fi yin tasiri shi ne halin da tsohon ya shiga ɗakin tiyata da shi, wato yawan shekaru, hawan jini ko ciwon suga da ba a kula da su ba, taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, raunin gani da ji, da kuma abin da ya biyo baya na zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki, raɗaɗi da rashin barci.

Mafi girman haɗari kuwa shi ne mantuwar da ta riga ta fara, kuma a nan ne kunyarmu take cutar da mu. Kowa a gidan ya san Goggo takan idar da salla ta sake tambaya ko an kira, takan kuma kira jika da sunan uwarsa, amma idan likita ya tambaya sai a ce lafiyarta ƙalau, don kada a ce an tona asirin babba ko an jingina mata gigin tsufa. Wajibi ne a gaya wa likitan da zai sa ta barci wannan, a kuma zube masa duk abin da take sha a gabansa, har da jiƙo da ƙwayoyin da ake sayo mata a kemis, domin irin su diazepam da Piriton suna cikin magungunan da ke ƙara rikita tsofaffi.

Game da mai ɗori, ban raina sana'arsa ba, sai dai karayar Goggo ta wuyan ƙashin cinya ce, wurin da yake haɗuwa da kwatangwalo, tana can ciki inda kara da tsumma ba sa riƙewa, kuma tsohuwar da aka kwantar makonni tana fuskantar ciwon huhu, gyambon kwanciya da daskarewar jini a ƙafa, waɗanda su ma suna rikita hankali, suna kuma kisa. Shi ya sa likitoci suke son a yi aikin cikin kwana ɗaya ko biyu idan jiki ya yarda.

Al'adarmu ta jinya kuwa ina so a riƙe ta da kyau, domin abin da asibitocin waje suke koyar da ma'aikatansu mu mun gaje shi. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 1999 ya nuna cewa tunatar da tsoho rana da wurin da yake, ba shi tabaransa, shayar da shi ruwa, tayar da shi ya taka da barinsa ya yi barcin dare sun rage ruɗewa daga kashi 15 zuwa kusan kashi 10. Saboda haka a zaɓi mutum biyu da ta fi sabawa da su su riƙa karɓar juna, a ajiye mata carbinta kusa, a riƙa gaya mata lokacin kowace salla. Dubiya ce nake so a taƙaita, domin ɗaki cike da baƙi, kowa na tambayarta ko ta gane shi, gajiya ce da ruɗani a gare ta.

Idan ta fara sambatu da dare, ko tana fisgar robar ƙarin ruwa, a yi mata addu'a da tofi, amma kada a yanke cewa shafar aljanu ce, a kira ma'aikaciyar jinya nan take ta duba zazzaɓi, fitsari da sugan jininta. Haka kuma idan ta yi shiru fiye da kima, tana ta gyangyaɗi ba ta cin abinci, kada a ɗauka sauƙi ne ya samu, domin wannan ma nau'in ruɗewar ce, kuma ita aka fi kasa ganewa. Ka karanta wa babanka wannan kafin zaman da za a yi, sannan ita Goggo a gaya mata abin da za a yi mata, a ji ta bakinta tun tana cikin hankalinta.